Jefa ƙugiya a bakin teku: abin da ɗan kogi zai sani kafin ya sauka Kwatano ko Lome

Idan aka shiga babban hutun ƴan makaranta, ko hutun ƙarshen Disamba, iyalai da dama daga Yamai da Tawa kan gangara Kwatano ko Lome, wasu ziyarar dangi a Zongo, wasu duba kaya a tashar jiragen ruwa su haɗa da shan iska. A cikinsu ba a rasa mai son fatsa, wanda ya saba zaman yamma a bakin kogin Isa wajen Gudel ko Saga, ko a gefen tafkin Tabalak, yana jiran tarwaɗa ko karfasa. Irin wannan mutum da ya tsaya gaban teku hannunsa zai fara ƙaiƙayi. Sai ya ciro ƴar fatsarsa ta gida, ya laƙa tana, ya jefa. Kafin ya gyara tsayuwa ruwa ya dawo masa da dalmar gaban ƙafarsa, zaren ya cukurkuɗe da leda da ciyawa. Ya sake sau biyar, sau goma, sai ya naɗe ya ce babu kifi a bakin gaɓa. Kifi kuwa yana nan, sau da yawa bai fi taku 40 daga inda yake tsaye ba. Ruwan ne ya kayar da shi, don haka daga ruwan za mu fara.

Kogi hanya ɗaya yake bi, ka san inda ya fito ka san inda ya nufa. Teku a gaɓar Benin da Togo motsi uku yake yi lokaci guda, kuma kowanne yana da abin da yake yi wa ƙugiyarka.

Na farko shi ne cikowa da janyewa. Sau 2 yake cika, sau 2 ya janye a cikin yini da dare. Daga cika zuwa janyewa awa 6 ne da ƴan mintoci, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. A wannan gaɓar bambancin tsayin ruwan bai kai mita 2 ba ko a ranar da ya fi ƙarfi, amma wannan ɗan bambancin shi ke buɗe wa kifi hanyar shigowa kusa da rairayi, shi ke rufe ta. Wata ne ke jan ragamar abin, kuma a nan mu masu bin lissafin watan Musulunci mun huta: daga tsayuwar wata zuwa kwana 3, da kuma daga 14 zuwa 17, ruwa kan cika sosai ya janye sosai. Wajen 8 da wajen 23 motsin kan yi sanyi. Lokacin da ya fi ba da kifi shi ne awa 2 kafin ruwa ya kai iyakar cikarsa har zuwa awa 1 bayan haka. In wannan ya dace da asuba ko goshin magariba, to, kada ka bari ya wuce ka. Jadawalin lokutan yana nan a intanet, ka duba a wayarka, amma ka kula da agogo: Benin lokacinta ɗaya da Nijar, Togo kuwa tana bayanmu da awa 1. Wanda ya sauka Lome bai gyara agogonsa ba zai iso ya tarar ruwa bai shirya ba.

Na biyu shi ne jan ruwa a gicciye. Raƙuman ruwa suna zuwa ne daga kudu maso yamma su bugi gaɓa a karkace, sai ruwan bakin gaɓa ya riƙa gudu daga yamma zuwa gabas. In kana fuskantar teku, daga damarka zuwa hagunka ke nan. Shi ne ke mirgina ƙaramar dalma ya dawo da ita waje. Wannan jan yana da ƙarfin da har rairayin gaɓar yake kwashewa, shi ya sa za ka ga an jera dogayen tarin duwatsu sun shiga cikin ruwa a gabashin Kwatano da kuma garin Aneho na Togo.

Na uku shi ne wanda ke kisa. Duk ruwan da raƙuma suka tura kan gaɓa dole ya koma, sai ya nemi ɓaraka a cikin tudun rairayin da ke ƙarƙashin ruwa ya tsiyaye ta nan da gudu. Daga waje wurin kamar ya fi ko'ina lafiya: babu farin kumfa, ruwan ya yi duhu ya kwanta. Baƙo da ya ga haka sai ya ce a nan zan shiga. Nan ne ruwa ke ɗauke mutum ya yi ciki da shi, ko da ya iya iyo a kogi kamar ɗan sarkawa. Mai fatsa ba shi da dalilin shiga ruwa ya wuce idon sawu a wannan gaɓa, domin rairayin a tsaye yake, taku 2 ko 3 ka faɗa zurfi, raƙumin ruwa kuma a kan gaɓar yake fashewa. Kada ka juya wa teku baya kana ɗaura ƙugiya a wurin da rairayi ke jiƙe. Yara su zauna can sama a busasshe. In tsautsayi ya sa ruwa ya ja mutum, kada ya yi kokawar komawa kai tsaye, ya yi iyo a gicciye har ya fita daga hanyar jan, sannan ya nemi gaɓa. A tuna kuma, watannin babban hutu, Yuli zuwa Satumba, su ne teku ya fi hauka. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu, ya fi kwanciya, kuma mai koyo ya fi jin daɗinsa.

Abin mamakin shi ne wannan ɓarakar mai haɗari ita ce kasuwar kifi. Ka je lokacin da ruwa ya janye, ka hau wuri mai ɗan tudu, ka tsaya minti 15 kana kallo ba tare da ka kwance kaya ba. Inda raƙumi ke fashewa ya yi fari can nesa, tudun rairayi ne a ƙasa. Tsakanin wannan farin da gaɓa za ka ga wani zirin ruwa mai duhu yana bin tsawon gaɓar, wannan kwari ne, kifi ta cikinsa yake kiwo. Inda farin ya yanke aka bar ƙofa mai duhu, nan ce ɓarakar. Ka sa alama da bishiyar kwakwa ko wani gini a bayanka, ka dawo in ruwa ya fara cikowa, ka jefa a gefen ƙofar ko cikin kwarin. Mafi yawan lokaci mita 20 zuwa 50 ne. Masu ƙarfin dantse da ke wurga dalma mita 100 sukan tsallake kifin ne su sauke abincinsu a kan tudu mara komai.

Wuraren da ruwan tafki ko na kogi ke haɗuwa da teku sun fi ko'ina albarka: bakin mashigin Kwatano da ke fitowa daga tafkin Nokuwe, mashigin Aneho, da bakin kogin Mono a gabashin garin Gran-Popo na Benin. Doguwar gaɓar da ta tashi daga unguwar Fijirose ta Kwatano ta nufi garin Wida kuwa rairayi ne zalla, ta dace da mai koyo don ba abin da zai riƙe masa ƙugiya. Gabashin tashar jiragen Lome akwai shimfiɗar dutse da ruwa ya tone a bakin gaɓa, tana tara kifi amma tana cin dalma.

Sai kaya. Sandar da ake so mai tsawon mita 3,60 zuwa 4,20 ce, a jikinta an rubuta tana iya jefa giram 100 zuwa 200. Amfanin tsawon shi ne ya ɗaga zare sama da raƙumin farko don kada ya riƙa dukansa. Mai gaɓa 3 ta fi mai shigewa cikin juna ƙwari, don ita ta biyun rairayi kan shiga tsakanin gaɓoɓinta ya maƙale su. A mota ka zura ta cikin tiyon PVC mai faɗin santimita 10 ka toshe bakin da tsumma. A jirgin sama ƙugiyoyi da dalma da wuƙa cikin babbar jaka za su shiga.

Keken naɗe zare, wanda masu kanti ke kira muline, ka nemi lamba 6000 zuwa 8000, wanda kwarkwaronsa zai ɗauki mita 250 ko fiye na zaren nilon 35/100 ko 40/100 (kaurin zaren ke nan, kashi 35 ko 40 cikin 100 na milimita). A ƙarshen wannan zaren dole ka ƙulla wani mai kauri, 60/100 ko 70/100, tsawon mita 8 zuwa 10, yadda in ka shirya jifa zai zagaya kwarkwaro sau 5 ko 6. Dalilinsa a bayyane yake. Dalma mai giram 150 a lokacin wurgi tana ja da ƙarfin da siririn zare ba zai jure ba, in ya tsinke kuwa dalmar ta zama harsashi a gaɓar da mutane ke yawo. Lissafin da ake bi shi ne kowane giram 30 na dalma a ba shi kilo 5 na ƙarfin zare, wato giram 150 na son zaren da ke ɗaukar kilo 25. Kowane ƙulli ka jiƙa shi da yawu kafin ka ɗaure tamau, don busasshen nilon yana ƙonewa da gogayya ya raunana a daidai wurin.

Dalma mai siffar ƙwai ko zagaye, irin ta kogi, ka bar ta a gida. Biyu ne ke aiki a nan: mai kusurwa huɗu kamar dala, wadda ke nutsewa cikin rairayi, da mai ƙafafun waya da ke kafewa kamar anga su buɗe in ka ja da ƙarfi. Ka riƙe giram 120 da 150 da 180, aƙalla 3 daga kowanne. Ka fara da mara nauyi, in ruwa ya mirgina ta cikin minti 2 ka ƙara. In giram 180 mai ƙafafu ta kasa zama, ranar ba ta fatsa ba ce.

Ɗaurin ƙugiya iri biyu sun ishe ka. Na yau da kullum: ka yanki mita 1 na zare 60/100, dalma a can ƙasa, ƙaramin ƙarfe mai juyawa a sama don hana zare murɗewa, sai rassa 2 a tsakani, kowanne santimita 25 zuwa 30, da ƙugiya lamba 1/0 ko 2/0. Tazarar da ke tsakanin rassan ta fi tsawonsu biyu a haɗe, in ba haka ba za su rungumi juna a jifan farko. Na babban kifi kuwa: dalma tana zamewa a kan zare, sai ƙarfe mai juyawa ya tare ta, sai santimita 60 zuwa 80 na zare 80/100 da ƙugiya ɗaya lamba 4/0 zuwa 6/0. In ruwa na hauka ka gajarta reshe, in ya kwanta ka tsawaita.

Ka kuma tanadi mariƙin sanda. Tiyon PVC mai faɗin santimita 5, tsawon mita 1 da ɗan ɗori, ka yanke gindinsa a karkace kamar bakin alƙalami, ka kafa shi santimita 40 cikin rairayi. Muline ba ya son taɓa ƙasa ko sau ɗaya.

Abincin ƙugiya shi ne inda bai kamata a yi rowa ba. Tana ba ta jure ruwan gishiri, nan da nan take mutuwa ta yi fari. Abin da kifin teku ya sani shi ne jatan lande ɗanye, sardin, kalamar (wata halittar teku mai taushin jiki da hannaye da yawa) da ƙaguwa. Ka saye su da sassafe wajen matan da ke tarbar jiragen masunta, ka duba idon sardin ɗin a cike yake yana ƙyalli. Na yini ɗaya, rabin kilo na jatan lande da sardin 6 zuwa 8 sun isa sanda 2. Jatan lande a ɓare shi a zura ƙugiya daga wutsiya ta bi lanƙwasarsa. Sardin a fere gefensa, a yanka tsawon yatsa, a soka sau 2, fatar a waje. Dukansu biyu suna da taushi, suna tashi daga ƙugiya tun a iska, saboda haka a naɗe su da siririn zaren roba mai talewa, zagaye 10 zuwa 15. In ba a samu na kanti ba, zaren ɗinki ma yana yi. Kalamar a yanka shi siriri kamar faɗin yatsa, shi ne ya fi jure ƙananan kifaye da ƙaguwa masu sata. Bakin ƙugiya ya kasance a waje kullum. Kowane minti 15 ka naɗo ka duba, don abincin da ruwa ya wanke ƙamshinsa ba ya kiran kowa.

Wajen jifa, ka ɗaure birkin muline, wato abin murɗawar da ke hana kwarkwaro sakin zare, tamau tukuna. In ka bar shi sako-sako kwarkwaro zai zame a lokacin wurgi zaren ya tsaga maka yatsa. Ka waiwaya ka tabbata babu kowa a bayanka. Ka taka mita 15 zuwa dama daga inda ka kafa mariƙin, ka jefa miƙe, ka saki zare kana dawowa wurinka. Zaren zai yi ciki kamar baka, ruwan ya ja shi, wannan jan ne zai dasa ƙafafun dalmar cikin rairayi. Sannan ka sa sanda a mariƙi, ka naɗe har kan sandar ya ɗan rusuna, ka sassauta birki. Wanda ya manta wannan na ƙarshen, babban kifi ɗaya zai tafi masa da sanda da muline duka. Awon birkin shi ne kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren, ko ƙasa kaɗan. Zaren 35/100 na ɗaukar wajen kilo 8 zuwa 9, don haka tun a masauki ka rataya goran ruwa 2 masu lita ɗaya da rabi a zaren da ya fito daga muline, ka juya birki har ya fara saki a hankali. Hannunka ya haddace wannan jan.

Kan sanda zai riƙa rusunawa yana miƙewa tare da raƙuman ruwa, a natse, kamar numfashi. Cizon kifi daban yake: ko dai bugu mai sauri a jere, ko sanda ta lanƙwashe ta tsaya, ko kuma zare ya saki gaba ɗaya saboda kifin ya tumɓuke dalma ya nufo gaɓa. Wannan na ukun mutane da yawa ba sa gane shi. In ƙugiyarka mai lanƙwasasshen baki ce, wadda ake kira sarkal, kada ka fizga irin na kogi, za ka zare ta daga bakinsa. Ka ɗaga sanda ka naɗa kawai, ita za ta kama gefen bakin da kanta.

Mita 5 na ƙarshe nan ne ake asarar kifi. In raƙumi ya fashe ruwa na komawa, nauyin ruwan da na kifin sun haɗu a kan zarenka. Kada ka ja a lokacin. Ka sauke kan sanda, ka bar birki ya saki, ka ma taka gaba kaɗan. Da raƙumi na gaba ya ɗago kifin, sai ka ja da baya kana naɗewa da sauri, ruwan da kansa zai ajiye maka shi a kan rairayi.

Sunayen kifayen na iya ruɗa ɗan Yamai. Kapiten da muka sani a kogi giwan ruwa ne. Kapiten na teku wani kifi ne daban, mai hanci kamar kwalba, bakinsa a ƙasa, da dogayen zaruruwa 4 a ƙarƙashin kowane fiffiken ƙirji da yake laluben abinci da su a ruwa mai dauɗa. Yana girma ya wuce mita 1, kuma yana son bakin mashigi. Akwai bar, fari mai ƙyalli, wanda ke gurnani in an fito da shi, shi ne aka fi samu a kwarin gaɓa da dare. Akwai karang, mai faɗin jiki da ƙarfin tsiya, kusa da wutsiyarsa akwai ƙayoyi masu kaifi da ke yanka tafin hannu. Shi da barakuda sukan bi cokalin ƙarfe, wato ƙarfe mai ƙyalli da ƙugiya a jikinsa, mai giram 40 zuwa 60 in ana jefawa ana naɗowa da sauri da sanyin safiya. Don barakuda sai an sa santimita 25 na waya kafin ƙugiya, haƙoransa reza ne.

Uku kuwa sai da hattara. Mashuwaron, ɗan'uwan ƙurungu da ragon ruwa, yana da ƙaya 3 masu dafi, ɗaya a baya, biyu a gefe. A danne shi da tsumma a cire ƙugiya da awartaki mai dogon baki. Kifin nan mai faɗi kamar faifai, da ake kira re, yana da mashi a gindin wutsiyarsa. In ka ji abu mai nauyi ya manne a ƙasa kamar buhun siminti, sau da yawa shi ne. Ka tsaya ta gaban kansa, in ƙugiyar ta yi zurfi ka yanke zare. Wanda ɗayan biyun nan ya soka, a tsoma wurin cikin ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa, wajen digiri 45, na minti 30 zuwa 90, zafin yana rage raɗaɗin dafin, sannan a tafi asibiti a duba ko guntun ƙaya ya rage a ciki, a kuma duba allurar tetanos. Na ukun shi ne talibambam na teku, mai kumbura kamar ƙwallo. Gubarsa tana kisa, dafuwa da suya ba sa kashe ta. A mayar da shi ruwa, kada a yar a gaɓa inda yaro zai tsinta. Haka ma kifin da ke da kai kamar na re da jiki kamar na kifin shak, wanda ake kira gitar: irinsa na ƙarewa a duniya, a sake shi. Kunkurun teku da ke hawowa yin ƙwai a gaɓar Gran-Popo doka ta kare su, ko haska su da tocila ba a so.

Da ɗan gari akan ci gari. Wannan gaɓa wurin neman abincin mutane ne. Za ka ga maza 30 ko 40 sun jeru suna jan igiyar babban taru daga teku suna waƙa, aikin kan ɗauki awoyi, kuma tarun yana share duk abin da ke gabansa. Ka tsaya nesa da igiyoyinsu. Ka gai da dattawan wurin kamar yadda za ka gai da sarkin ruwa a gida, ka tambaya ko akwai ranar da al'adarsu ta hana kamun kifi, ko wurin da ba a takawa. Kusa da tashar jiragen ruwa da wuraren sojoji ba a fatsa, ba a ɗaukar hoto. In kana son kamun dare, wanda ya fi ba da manyan kifaye, ka tafi da ɗan unguwa da mai masaukinka ya yarda da shi, ka bar waya mai tsada da takardu a ɗaki.

Kifin da za ka ci, ka yanke masa maƙogwaro nan take jini ya fita, ka cire hanji da jan naman da ke cikin kunnuwansa, ka wanke da ruwan teku, ka binne shi cikin ƙanƙara, kilo ɗaya na ƙanƙara ga kilo ɗaya na kifi. Zafin gaɓa mai laima ne, awa 2 a cikin bokiti sun isa su ɓata shi. Wanda ake son kai wa gida tsaraba sai a ba matan da ke banda su ƙyafe shi ya bushe sosai.

Gishiri ba ya jira. A daren da ka dawo, ka ɗaure birkin muline don kada ruwa ya shiga cikinsa, ka zuba masa ruwan famfo a hankali daga kofi, kada ka tsoma shi cikin bokiti kuma kada ka fesa masa da ƙarfi, don hakan tura gishirin ciki yake yi. Ka goge, ka bar shi ya sha iska a inuwa, ka ɗiga mai a hannun juyawa da ɗan gangan da zare ke bi, sannan ka sassauta birkin gaba ɗaya kafin ka ajiye. Zobban sanda ka bi su ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin haƙori. Ka bi mita 10 na ƙarshen zaren tsakanin yatsu biyu, duk inda ka ji kaushi ka yanke daga nan ka sake ƙulli. Ƙugiyar da ta shiga teku kuma kada ta koma cikin kwalin sababbi, ko da ka wanke ta. Ka ware mata ƴar kwalba daban, in ba haka ba kafin motarka ta iso Doso tsatsa ta kama sauran.